Ranar da Inna Ta Yi Daɓen Gidanta

Ni dai ban taɓa jin kunyar kalmar shagali ba, ko a shekarar da mutane suka koma faɗinta ƙasa-ƙasa. A gidanmu na Banga na tashi na tarar da ita, kuma ba ta nufin abin da ake nufi da ita yanzu, wato a ci ado a zauna bisa kujerun haya ana ƙare wa juna kallo. A wurinmu in aka ce ana shagali gidan wane, to akwai ihu, akwai guɗa, akwai dariyar da ke sa mutum ya riƙe ciki, tsofaffi na tsokanar jikoki, yara na gilmawa tsakanin ƙafafun manya. A ƙarƙashin duk wannan hayaniya kuma akwai wani aiki da ake yi, ko sussuka, ko lugude, ko daɓe. Ban taɓa tashi daga shagali irin namu hannuna bai yi zafi ba.

Sai da na yi aure a Kaura na san inda kalmar ta fito. Maigidana malamin Larabci ne a firamare, irin mutanen nan da ba a tambayarsu abu ɗaya su ba da amsa ɗaya. Shi ya ce mini daga Larabci muka aro ta, kuma can wurin masu ita ma'anarta aiki ne, abin da ya ɗauke wa mutum hankali ya hana shi kula da wani abu. Shi ya sa har yau dattijo kan ce yana da shagali a kasuwa, alhali ba rawa za shi ba. Na tambaye shi to sharholiya fa, wadda masu wa'azi suka sa a gaba a lokacin? Ya sosa ƙeya ya ce wannan bai san kakanta ba. Na ce ni na san halinta ko ban san kakanta ba: ita ba a gama ta a nuna abin da aka yi, sai dai ciwon kai da faɗa. Ya ce wannan ba ilimi ba ne, ra'ayi ne. Na bar shi da iliminsa.

Innarmu ita ce zabiyar daɓe a unguwarmu, wato mai ba da waƙa sauran mata na amsawa. Wanda bai san daɓe ba, ga yadda yake. In an gina sabon ɗaki, musamman na amarya, sai a zuba tsakuwa da jar ƙasa a ciki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta na itace, su yi ta bugun ƙasa har ta kwanta ta yi tauri. Daga baya a riƙa shafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ɗakin ya yi duhu yana sheƙi. Namiji ba ya shiga gida ranar daɓe. Tun kafin a haife ni Inna ke wannan hidima, kuma da wuya a sami ɗakin amarya a unguwarmu da ba ta durƙusa a cikinsa ba. Ba ta da jiki, 'yar siririya ce, amma in ta ɗaga murya har masu kiwo a bayan gari sun san gidan da ake aiki.

Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne daɓe a gidanta. Mu mata an kai mu gidajen wasu. Yayanmu, ɗanta na fari, a Kaura ya yi aure cikin ɗakin haya mai siminti, sai bayan rasuwar Baba ya dawo gida ya zama shi ne maigida. Saura auta kaɗai. Da aka sa ranar auren auta bayan an ɗauke amfanin gona, Inna ta fara tara ɓawon ɗorawa a bayan rumbu tun ba a aza wa ɗakin jinka ba. Duk wanda ya san ta ya san abin da take jira.

A shekarar ne aka ƙaddamar da shari'a a Gusau. Kada wani ya ɗauka mun ƙi abin. Mun yi murna, mun yi alfahari. Jiharmu sabuwa ce, ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ga shi sunanta ya cika rediyo. An rufe gidajen giya, 'yan caca sun watse daga gindin bishiya, matan da mazajensu ke ƙarar da kuɗin hatsi a can suka sami barci. Yaya yana cikin waɗanda suka hau babbar mota suka je Gusau, ya dawo muryarsa a dishe saboda kabbara. Daga nan ya shiga cikin samarin da ke sa ido a kan tarbiyyar unguwa. Su ne suka riƙa bi gida-gida suna roƙon a bar kiɗan dandali a wurin buki, inda samari ke shaye-shaye su ƙare da sanda. Ba mugu ba ne yayana. Mutum ne wanda in ya yarda da abu sai ya ɗauke shi da hannu biyu.

Wata rana na zo gida daga Kaura don shirin buki, sai na tarar da buhunan simintin da Yaya ya sayo don ɗakin auta jingine a zaure. Na shiga ciki na sami Inna tana tsince wake, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Dole in tsaya in yi bayani a nan, don yaran yanzu ba su san wannan ba. Uwa irin ta da tana kunyar ɗanta na fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ko zazzaɓi yake sai dai ta tambayi wani yadda ya kwana. Tun da aka yaye shi Gwaggo, yayar Babanmu, ta ɗauke shi ta raine shi a gidanta can ƙarshen unguwa. In ya shigo gaisuwa da safe yakan durƙusa daga nesa, ta amsa tana kallon murhu. Mutanen da ke haka ba sa iya gardama baki da baki. Saboda haka ni na zama 'yar aike tsakanin tsakar gida da zaure, tazarar da ko kaza ba ta gajiya da ita.

Inna ta ce, “Ki hwaɗa ma yayanku ban son toka cikin ɗakin ga. Duk garin ga babu ɗakin da ban duƙa ba. Nawa ɗai za a zuba ma toka?”

Na kai saƙo. Yaya ya ce, “Ki ce ma Inna ta yi haƙuri. Mu munka shiga gidajen mutane munka ce su bar kiɗi da waƙe. Gobe a ji sharholiya gidanmu, da wane ido zan dubi mutane?”

Nan na ga dama ta samu in nuna ni ma matar malami ce. Na gyara tsayuwa na ce ai wannan ba sharholiya ba ce, shagali ne, kuma shagali a Larabci aiki ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ya riga mijina sanin wannan, in koma in tambaye shi ko baitocin da tsofaffi ke yi wajen daɓe su ma Larabci ne. Gaskiya kuwa ya faɗa. Akwai baitocin da in tsofaffin nan suka ɗauko su kan ango da amarya, budurwa sai ta rufe fuska da gyale ta fice. Ilimin aron da na zo da shi bai tsinana mini komai ba, na koma ciki ina ƙunƙuni.

Haka na yi ta safa da marwa har ƙafafuna suka san duk wani rami da ke hanyar. Na yi fushi da shi, na yi fushi da ita, na yi fushi da auta wanda ya ce shi ko kan yashi aka ajiye masa amarya ya gode. Daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Yaya ya yarda a yi daɓe, amma ba waƙa, ba guɗa. Da na gaya wa Inna, ta daɗe tana juya tsintsiya a hannunta, sannan ta ce, “Shi a maigida. Na jiya.” A kwanakin da suka biyo baya ta ci gaba da jiƙa makuba, ta sa aka gasa hoce, wainar dawa irin ta garinmu, aka yi fura, ta aika wa ƙannenta a Kurya Madaro. Sai dai abincinta ya ragu, kuma 'yar waƙar da take yi ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe ta ɗauke. Na ji haushin wannan fiye da in da ta yi faɗa.

Ranar daɓe, rana na ɗagowa mata suka fara shigowa, kowace da madaɓi a hammata. Wasu sun zo da jikoki a baya, wasu da ƙyar suke tafiya amma suka ce ko zama ne sai sun yi a ɗakin, don Inna ce ta daɓe musu nasu suna amare. Gida ya cika maƙil. Yaya ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna da carbinsa, wai don kada wani namiji ya yi kuskuren shigowa, amma kowa ya san abin da ya zauna saurare.

Aka jeru, aka yi bisimilla, aka fara. Tim. Tam. Tim-tim. Wannan ta sauke, waccan ba ta ɗaga ba. Da ma waƙar ce ke haɗa hannuwa, ita ke gaya wa mutum lokacin da zai ja da baya. Wata ta bugi ɗan yatsan maƙwabciyarta, aka fara dariya, aka tuna, aka haɗiye. Ba wai aikin ba ya tafiya ba ne. Yana tafiya, kuma da an bar mu haka da mun gama ɗakin kafin la'asar, ya yi tauri yadda ake so. Amma duk wadda ta ɗago kai sai ta saci kallon Inna. Ita kuwa tana tsakiyar layi, bakinta a rufe gam, tana bugu. Gwaggo ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce ai ƙasa-ƙasa ba wanda zai ji. Inna ta girgiza kai. Ta ba da magana, ba za ta ci amanar ɗanta a bayan idonsa ba. Ban taɓa ganin mace ta yi kwarjini kamar yadda ta yi mini a lokacin ba, kuma ban taɓa tausayinta kamar ranar ba.

Da hantsi ya yi sosai aka ce in kai wa Yaya fura. Ina ajiye kwanon ke nan sai ga sallamar wani dattijo, abokin marigayi Babanmu, wanda ya yi watanni a Shinkafi wurin ɗansa yana jinyar ƙafa, jiya-jiya ya dawo. Ya shigo yana dogara sanda, ya zauna da ƙyar, bai ko tsaya dogon gaisuwa ba ya ɗaga hannuwa sama.

“Allah shi jiƙanta,” in ji shi. “Allah shi sa ta huta. Ku yahe mani, wallahi ba wanda ya hwaɗa mani ina can.”

Yaya ya ce, “Baba, wa ya rasu?”

Tsohon ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, “Ba tsohuwarku ba? Tun da sahe nike jin madaɓi gidan ga, ban ji muryatta ba. Nic ce to, in ana daɓe cikin gidanta ba a jiya ta, ai ta riga mu.”

Na ce Inna na nan da ranta, tana ciki ma tana aiki. Tsohon ya rikice, ya shiga salati yana ba da haƙuri, yana cewa tsufa ne, a yi masa uzuri. Ya lallaɓa ya tashi ya fita yana ta maimaita Allah ya ƙara mata nisan kwana. Ni dariya ta so kama ni, amma da na dubi Yaya sai ta koma. Carbin ya tsaya a hannunsa. Daga cikin gida ana jin bugun nan mara daɗi, tim, tam, kuma na san a karon farko yana jin sa da kunnen tsohon nan. Haka gidan zai yi ranar da babu ita.

Daga baya Gwaggo ta gaya mini abin da ban sani ba. Lokacin da take rainon Yaya, duk gidan da ake daɓe takan je da shi goye a baya. Uwarsa ba ta yi masa magana, ba ta yi masa wasa, to a nan ne kaɗai yake jin muryarta a sake. Wai in Inna ta ɗauko waƙa sai ya daina kuka ya kafa kunne.

Yaya ya miƙe. Na matsa ina jiran saƙon da zan kai, sai ya wuce ni. Ya je daidai bakin zanar da ta raba zaure da tsakar gida, inda namiji ke tsayawa ranar daɓe, ya juya baya ga matan, ya yi gyaran murya.

“Inna.”

Madaɓai suka tsaya. Tun da nake ban taɓa jin ya kira ta da ƙarfi a gaban mutane ba.

“Inna, ki yi abinki. Na janye.”

Sai muka ji Inna, ba tare da ta ɗago kai ba, tana tambayar Gwaggo, “Wa ke magana can?”

Gwaggo ta ce, “Wani baƙo na, ya ce a ba shi waƙa.” Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da ta sa awaki suka tsinke daga turke.

Inna ta goge hannu a zane, ta ɗaga madaɓi, ta ɗauko. Muryar ta fito da ɗan rawa a baitin farko, a na biyu ta miƙe. Mata suka amsa gaba ɗaya, madaɓai suka sauka tare, ƙasa ta amsa har cikin ƙirjina. Na ruga na faɗa gurbina a layi. Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Tsofaffin da suka ce zama kawai za su yi suka tashi suna taka rawa da ɗuwawu a bakin ƙofa, wata ta ɗaura tsintsiya a ka wai ita ce amarya, ƙannen Inna na Kurya Madaro suka shafa wa juna makuba a kumatu, yara suka haye katanga, hoce na yawo hannu zuwa hannu. Ga zufa, ga ihu, ga ƙasa tana kwanciya sumul a bayanmu. Wannan shi ne shagali, kuma duk wanda ke son sanin ma'anarsa da ya zo ya tsaya a bakin ɗakin nan. Baitocin batsa kuwa Inna da kanta ta tsallake su. Da Gwaggo ta yi ƙoƙarin cusa ɗaya, harara guda Inna ta yi mata ta mayar da shi ciki.

Ba a daɗe ba abokan aikin Yaya suka iso, don ko kurma ya san ana wani abu a gidanmu. Matar Yaya da ke kusa da zana ita ta jiyo mana yadda aka yi. Suka ce masa me ke nan, a gidansa? Ya tsaya a ƙofar zaure ya cika ta. Ya ce mata ne zalla a cikin gidansu suna daɓen ɗaki, babu namiji, babu kalangu, babu batsa, kuma ba wanda zai wuce shi ya shiga kan matan mutane. Ɗaya ya ce ai shi ya fi kowa zafi a gidajen wasu. Yaya ya ce haka ne, kuma duk gidan da ya hana irin wannan zai koma ya ba su haƙuri, amma kiɗan dandali yana nan kan bakansa. Suka tafi ba su gamsu ba. Daga ranar suka rage kiransa taro, wasu suka daɗe suna yi masa gaisuwar nesa. Ya ji zafin abin ƙwarai, ban kuwa taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

A al'adar waƙar daɓe, in aiki ya kusa ƙarewa zabiya kan bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya tana tsokana. Inna ta fara da auta, ta ce ango ne da ko kaza ta fi shi tashi da wuri. Ta taɓa maigidana, ta ce a tambaye shi hanya ya karanta maka littafi. Ta taɓa ni, ta ce bakina ya riga ƙafata isa ko'ina, aka yi ta shewa ina ji ina gani. Sai ta zo inda kowa ya san za ta tsallake, don zabiya ba ta sa ɗanta na fari a waƙa. Ta ja numfashi, madaɓai na ci gaba da sauka, muka ɗauka za ta rufe. Sai ta sunkuyar da kai ƙasa sosai ta ce:

“Akwai wani zaune bakin ƙohwa,
ban san shi ba, ban san sunanai ba.
Ku daɓe da kyau, 'yan uwa,
ƙila shi shigo shi taka.”

Amshin bai fito daidai ba, don rabin layin kuka suke. Gwaggo ta saki madaɓi ta rufe fuska da gefen zanenta. Inna ta maimaita baitin, har yanzu idonta na ƙasa, sannan ta wuce gaba abinta kamar ba ita ta faɗa ba.

Ban iya zama ba. Na sulale na nufi zaure wai zan ɗauko kwanon fura. Na same shi zaune ya ba ƙofa baya, ya fuskanci bango, furar tana nan yadda na ajiye ta. Na tsaya ina neman abin da zan ce, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba. Ina so in gaya masa ina alfahari da shi, ina alfahari da ita, ina alfahari da gidan da na fito. Bai juyo ba. Da wata murya wadda ba irin tasa ba ya ce, “Ke, koma ciki ki kama mata amshi. Kar ki bar ta ita ɗai.”